Duk a Disamba Aka Ƙera Su

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanin matata a Sabon Birni ba, ko da na so in manta, domin mutanen unguwar sun ɗau alkawarin tuna mini har in koma ga Mahaliccina. Abin da ke ƙona mini rai shi ne babu wanda ya tura ni. Da ƙafata na je, da bakina na jawo.

Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Isa. Aikina kullum leƙen ƙananan rubutu da ɗan gilashin nan mai ƙara girman abu, in kuma babu masu gyara sai in kishingiɗa in kalli bidiyo. To akwai lokacin da na kamu da kallon wani tsohon Bature mai gemu, wanda zai ɗauko tsohuwar bindiga, ya juya ta, ya leƙa tambarin da ke jikin ƙarfen, ya faɗi shekarar da aka ƙera ta. Turancinsa kashi ɗaya cikin uku nake ji (sauran biyun da ƙarfin hali nake cikewa), amma kafin wata ya zagayo na fara jin ni ma na zama gwani. Rabi, matata, ta gaji da ni har ta ce in na ƙara yi mata zancen bindiga a kan tuwo za ta ɗauke kwanon.

Surukina, Baba Mamman, yana da wata bindiga fam-akshan, irin wadda ake jan katakon da ke ƙarƙashin bututunta baya, a tura shi gaba, ta yi ƙaras-ƙaras. Lokacin da 'yan bindiga suka tayar da su daga ƙauyensu na wajen Gatawa, ya baro rumbunan gero, ya baro awaki, ya fito da iyalinsa da wannan bindiga naɗe cikin tabarma. Kowa ya san labarinta. Mahaifinsa ne ya sayo ta a Maraɗi zamanin yana fatauci, ya miƙa masa ita yana kwance cikin ciwon ajali, tun kafin a fara yaƙin basasa. Baba ba shi da hoton mahaifinsa, gonar gadon ma ba ta shiguwa yanzu. Bindigar nan ita kaɗai ta rage masa.

Ranar da abin ya faru, an shafa fatiha, maza suna zaune ƙarƙashin rumfa ana jiran motocin ɗauko amarya. Yadda hanya ta zama, sai da rakiyar 'yan sintiri, don haka Garba shugabansu da mutanensa suna gefe da bindigoginsu. Ganin haka ya sa Baba ya aika aka ɗauko tasa, a ga irin ƙirar da. Ni kuwa ina bakin tabarma, inda ya dace suruki ya zauna, kai ƙasa, baki rufe. Da safe ma sai da Rabi ta ce mini, "Don Allah yau ka kama bakinka, gidanmu za mu."

Malam Ila, taubashin Baba, wanda ba ya ganin Baba ya ƙyale shi, ya dubi bindigar ya ce, "Mamman, kai da tsohuwag ga wa yag girmi wani?"

Aka yi dariya. Baba ya gyara zama zai fara labarin Maraɗi. Sai kawai na ji wata murya ta ce, "Baba, in an yarda, ina iya hwaɗin shekarar da anka ƙera ta."

Muryata ce. (Har yau ina neman wanda ya ba ta izini.)

Baba ya dube ni kamar bai san ina magana ba, sannan ya miƙo mini ita da hannu biyu. Na zaro gilashina daga aljihu, na hura, na goge da bakin riga, duk yadda na ga Baturen yana yi. Na bi bututun a hankali har na iso kusa da gindinsa. Ga rubutu nan ya ɗan shafe, amma lambobin a fili suke: 12/70. Zuciyata ta yi fari. Sha biyu, saba'in. Wane yaro ne bai san yadda ake rubuta kwanan wata ba?

Na yi gyaran murya na ce, "Watan sha biyu, shekarar saba'in. Ga Disamba ta alif ɗari tara da saba'in anka ƙera ta."

Na jira a ce madalla. Ba wanda ya ce. Malam Ila ne ya fara lanƙwasa yatsu yana lissafi, idonsa na ƙyalli.

"Saba'in? Ai lokacin har an ƙare yaƙi. Kawu ya daɗe cikin ƙasa." Ya juya ga Baba. "Ashe daga lahira yay yo maka aikenta? Na daɗe ina hwaɗi tatsuniya ta, kunka ce ban da kunya."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Baba bai yi dariya ba. Ya ce a hankali, "Ni dai da hannunai yam miƙo min ita." Ya sake faɗi, amma karo na biyun kamar tambaya yake yi. Tsoho ne, shekarun nan sun girgiza shi, ya fara mance sunayen jikoki, kuma na ga a fuskarsa ya fara tuhumar kansa.

Mai hankali a nan zai ce wataƙila idonsa ne. Ni kuwa, da ƙaramin sanina da ya zame mini ƙuƙumi, sai na ɗaga gilashi na ce, "Baba, ƙarhe ba shi ƙarya."

A gaban jama'a, ga uban matata. In ƙarfe ba ya ƙarya, to wa ke yi?

Garba ne ya cece ni, ko in ce ya ƙarasa ni, kuma ba da mugunta ba. Shi har ga Allah ya yarda da gwanintata. Ya matso da tasa yana murna ya ce in duba masa. Na karɓa ina hura hanci, na leƙa. 12/70.

"Ita ma Disamba ta saba'in," na ce, muryata ta ɗan ragu.

Garba ya sosa ƙeya. "To, ikon Allah. Ni kau bara cikin kwalinta anka ba ni ita, har da leda."

Na ce ai Turawa suna ajiye kaya a sito su daɗe. Wani ɗan sintirin ya miƙo tasa. 12/70. Na uku ya miƙo, wata baƙa mai ƙotar roba wadda ko makaho ya shafa ya san ta zamani ce. Ban so in duba ba, amma an kewaye ni. Ita ma haka. Na ce da alama kamfanin ya yi aiki sosai a wannan watan.

Malam Ila ya miƙa hannu ya zare harsashi ɗaya ja daga ɗamarar Garba, ya kai shi kusa da ido, ya miƙo mini. "Malam gwani, duba muna wanga. Garba, yaushe kunka samo su?"

"Satin jiya."

A jikin harsashin, da baƙin rubutu sabo fil, an buga 12/70.

"Kai, bayin Allah ga sun sha wahala ga Disambag ga," in ji Malam Ila. "Ko barci ba su yi ba."

Rumfar ta ɗauki dariya har mata suka leƙo ta katanga, cikinsu har da Rabi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce zan kama ruwa, na zagaya bayan gida, na ciro waya na bincika abin da ya kamata in bincika tun farko. Sha biyu faɗin bakin bindigar ne, saba'in kuwa tsawon harsashin da take ci. Wato awo ne. Daidai yake da in ɗaga takalmi in ga arba'in da biyu, in rantse a alif ɗari tara da arba'in da biyu aka ɗinka shi. Baturen nan ma ya sha faɗi, a cikin kashi biyun da ba na ji.

Bayan la'asar Rabi ta tasa ni gaba har ƙofar ɗakin Baba. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Yana zaune da bindigar a cinyarsa, yana goge bututun da gefen rawaninsa, daidai inda yatsuna suka taɓa. Na ba da haƙuri, na yi bayanin awo. Sai kuma (ka ji halin nawa) na ƙara da cewa na ga wata doguwar lamba a ƙarƙashi, ita ce ta gaskiya, in ya ba ni dama zan bi ta in gano masa ainihin shekarar.

Ya jawo bindigar jikinsa.

"Bar ta, ɗana. Da sahe ka amshe min uba, Allah ya mai do min shi kahin azahar. Ba ni sake ba ka."

Karon farko a ranar na yi abin da ya dace, na kama bakina.

Har yanzu in na shiga Sabon Birni, daga tasha ake fara kiran "Malam Disamba". Malam Ila kuwa duk haɗuwa sai ya tuɓe hula ya miƙo mini ƙeya, wai in duba masa shekarar da aka ƙera shi. Darasin da na koya bai da yawa: in ka ga lamba a jikin abu, leƙa na maƙwabci kafin ka buɗe baki. In kuwa a gidan surukai kake, ko ka leƙa ɗin, bar gilashinka a aljihu.