Yadda Shanu Suka Ja Mu Zuwa Ƙafin Maiyaki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka ƙaddamar da adaidaita sahu mai caji a ƙauyenmu ba. Ko na so in manta ma, 'yan acaɓar bakin tasha ba za su bar ni ba.

Ni malamin firamare ne, kuma sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu (muƙamin da na samu don ni kaɗai ne ba na ƙyuyar rubuta wasiƙa). Ƙauyen namu yana can ciki, sai ka bar kwalta ka sha burji kafin ka iso. Asibiti ne, babbar kasuwa ce, duk sai an je Ƙafin Maiyaki, kuma ba abin hawa sai babur. Tun da mai ya yi tsada, tsofaffi suka koma tafiyar ƙafa. Mace mai naƙuda kuwa haka ake ɗora ta a babur, wata ta riƙe ta ta baya, ana tafe ana salati.

Wadda ta hana ni sakat a kan maganar nan ita ce Iya Hajjo, ungozomar garin. Duk inda ta gan ni sai ta tare ni: “Ɗan nan, rubutun naka na mene ne? Ka rubuta a kawo mana abin da mace za ta zauna a ciki kamar mutum.”

Na yi ta rubutu har wata ƙungiya ta amsa. Suka kawo mana doguwar adaidaita mai kujeru biyu a baya, ba ta shan mai, batir gare ta, aka kafa faifan sola a rufin makaranta don yi mata caji. Amma da sharaɗi. Gwaji ne, in mutane ba su karɓe ta ba, za a ɗauke a kai wani ƙauye wajen Ƙofa. Aka tura Ɗanlami, wani magidanci da ya daɗe yana acaɓa, ya je ya koyo tuƙinta.

To a nan shaiɗan ya same ni. Aka sa ƙaddamarwa ranar kasuwa, aka ce wakiliyar ƙungiyar za ta jira mu a tashar Ƙafin Maiyaki da masu ɗaukar hoto. Na ce a raina, ni na sha wahalar wasiƙu, Ɗanlami ya fito a hoto? Na ci babbar riga mai sitaci, na miƙa hannu na ce ya ba ni makulli.

Ya ce, “Malam, to bari in nuna maka abu biyu.”

Na ce, “Ɗanlami, littafinta na karance shi bango zuwa bango.” (Hotunan ciki na kalla. Su ma ba duka ba.)

Bai ja da ni ba. Ya hau tsohon babur ɗinsa ya yi gaba don ya tarye mu a can. Mai Unguwa da Malam Liman suka zauna a kujerar tsakiya, Iya Hajjo ta kame a ta ƙarshe da kwandon daddawarta.

Tafiyar farko, ba ƙarya, ta yi daɗi. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai dai na ji kamar tana ɗan nauyi, na ce ai nauyin manya ne. Ina tuƙi ina lacca. Na yi bayanin rana, na yi na batir, har na ce nan gaba kaɗan babur zai zama tarihi. Ina cikin wannan ban ga wani kwari ba. Muka faɗa ciki, gwiwata ta bugi gaban adaidaitar, ta yi tsit. Na murɗa makulli, shiru. Na murɗa totur, shiru. Allon gabanta ya yi baƙi ƙirin.

Mai Unguwa ya ce, “Lafiya, Malam?”

Mutumin kirki da ya ce bai sani ba. Ni kuwa na gyara hula na ce, “Ranka ya daɗe, caji ne ya ƙare. Jiya an yi hadari.”

Iya Hajjo ta leƙo ta dubi sama. “Wane hadari? Jiya na shanya kalwa ta bushe ƙayau.”

Na yi kamar ban ji ba. Na ɗauko waya in kira Ɗanlami, ba sabis. Ga rana ta take, ga mutane na jiranmu. Mai Unguwa ya sauko ya naɗe hannun riga ya ce a tura. Na ce ni zan tura, suka ce to wa zai riƙe kan? Haka na zauna daram a inuwa, Mai Unguwan garinmu da limamin da ya raɗa mini suna suna tura ni a rana. Ina jin Malam Liman yana nishi yana cewa, “Wannan abu ƙarfe ne ko dutse?”

Allah ya jeho mana Bello, wani Bafulatani daga rugar da ke bayan garinmu, da amalankensa na shanu zai kai dawa kasuwa. Ya gaida manya, ya zagaya adaidaitar sau biyu, ya ce, “Ita ce wadda aka ce rana take ci?” Na ce ita ce. Ya ce, “To yau ba ta ƙoshi ba.” Ya kwance igiya ya ɗaure mu a bayan amalanke.

Haka muka shiga Ƙafin Maiyaki ranar kasuwa. Shanu a gaba, buhunan dawa a tsakiya, ni a baya na riƙe kai da hannu biyu kamar da gaske tuƙi nake. 'Yan acaɓa suka gan mu. Wayyo! Suka jeru hagu da dama suna danna ham, suka yi mana rakiya har tasha. Wani yana ihu, “A ba da hanya, ga ci gaba ya iso!” Kowa ya ɗaga waya. Wakiliyar ƙungiyar tana tsaye da takarda a hannu, ta kasa rufe baki.

Na sauko na fara yi mata bayanin hadari da raunin batir (har da ɗan Turanci, don abin ya yi nauyi). Ɗanlami ya matso kusa da adaidaitar. Ya sunkuya daidai inda gwiwata ta buga, ya jawo wani jan maɓalli. Allon ya kawo wuta. Batir cike fal.

Ya ce, “Malam, wannan na kashe ta ne in an shiga haɗari. Gwiwarka ta danne shi. Shi ne na farkon da na so nuna maka.”

Da na yi shiru da an rufa asiri. Amma bakina ya ce, “Na biyun fa?”

Ya miƙa hannu ya sauke wani ƙarfe. “Birkin hannu. Tun daga gida ba ka sauke shi duka ba.”

Malam Liman ya dube ni. Bai yi faɗa ba, bai yi tsaki ba, ya dai dube ni yana riƙe da ƙugu. Bello ya ce, “Ashe shi ya sa shanuna suke kumfa.” Tashar nan gaba ɗaya ta ɗauki dariya, har da wakiliyar, da ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Iya Hajjo ce ta ceci garinmu, ba ni ba. Ta kama hannun wakiliyar ta ce, “'Yata, kada ki duba wannan. Abin lafiyarsa ƙalau, direban ne ba caji.” Aka ba Ɗanlami makulli, ya zagaya tasha da manyan, ya mayar da su gida lami lafiya. Ni na ce ina da ɗan uzuri a kasuwa, na ɓuya a rumfar mai shayi har la'asar.

Adaidaitar tana nan, ba a ɗauke ta ba. Kullum tana kai mutane asibiti da kasuwa, kuma a makon nan na farko ta kai wata mai naƙuda ta sauka lafiya. Ni ma ina hawa, a kujerar ƙarshe, bakina a rufe. Sunana dai ya ɓata, daga Kiru har Tudun Wada Malam Hadari ake kirana, har waɗanda ban taɓa gani ba.

Abin da na koya bai da yawa. In abu ya tsaya maka a hanya, kafin ka ɗora wa sararin samaniya laifi, kafin ka sa liman turi, ka fara duba inda ka ajiye gwiwarka.