Rasuwar Gimbiya, Bindigar Baba, da Sakatar Aro a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, ni Hamdiyya Bubakar ta garin Guci nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da maharban Dungas da Magariya rasuwar Gimbiya, bindigar farautar mahaifina marigayi Malam Bubakar, wadda ya bar mini da bakinsa a gaban dangi. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, a bayan gonar gyaɗar Baffa Tsoho, a hannun da ba nata ba. Ba na gari a lokacin. Ina Damagaram wajen rubuta konkur, jarrabawar neman aikin gwamnati.

An ƙera marigayiya a ƙasar Turai a shekarar 1983, kuma shekarar tana nan a buge a wuyanta ga duk mai son dubawa. Baba ya same ta tun yana aikin gandun daji, da permi, takardar izinin riƙe ta, da komai, ba ta taɓa kwana a ɓoye ba. Siririya ce, mara nauyi. Baba yakan yini da ita a daji bai sauya kafaɗa ba. Ƙotarta itace ce mai launin ƙuli-ƙuli, ta yi duhu daidai inda kumatunsa ke kwanciya. A bayanta akwai ƙarfen da ake ɗagawa a ja baya, a tura gaba ya kulle harsashi. Baba yana ce masa sakata, don aikinsu ɗaya da ta ƙofa.

Gimbiya ba mai surutu ba ce. Idan an ja sakatarta sai ta ce ƙarat, idan an mayar ta ce ƙwas, a tsanake, kamar tsohuwa na gyaran murya. Daga nan sai tau, sau ɗaya, ba ta maimaita magana a kan abu guda. Ba ta taɓa zuwa biki ta yi ihu a sama don a tafa mata ba. Ba ta taɓa nuna mutum ba, ko da wasa. Ta kori diloli daga garken unguwarmu shekara da shekaru, ta sa zabin daji a tukunyar Inna Huraira, mahaifiyata, kuma ta san lokacin da ake barin dabba ta wuce da 'ya'yanta.

Marigayiya tana da ƙanne, kuma dole in yi bayaninsu, don a nan ajalinta ya fito. Masana'antar da ta haife ta ba ta sauya suna ba, amma duk bayan wasu shekaru sai ta taɓa ƙirar. Ƙanwar da ta biyo ta, an ɗauke mata makullin kunama daga gefe an mayar da shi ƙarƙashin babban yatsa. Baba ya ce wannan gyara ne mai hankali, bai ƙi shi ba. Ta bayan wannan an rage mata bututu, ta ƙara sauƙi, ta kuma ƙara harbin kafaɗa. Sai autarsu, ta shekarun baya-bayan nan, irin wadda Muttaƙa, wani maharbi na Sassumbrum, ya saya. Ƙotarta roba ce. Gidan harsashinta cirewa ake yi, yana kuma iya faɗuwa a ciyawa mai shi bai sani ba. Sakatarta tana da baƙin ƙulli na roba a hannu, inda ta Gimbiya ke da farin ƙarfe, kuma haƙoranta ba a yanka su daidai da na yayarta ba. Bambancin bai wuce kaurin farce ba. Ban ce auta mummuna ce ba. Tana aikinta a gidanta. Amma ranar da Muttaƙa ya kawo ta yana yabo, Baba ya jera su a tabarma, ya duba, ya ce mini: "Hamdiyya, kar ki ga sun yi kama. Ke da Safa ƙanwarki ma kun yi kama, takalminki kuwa ba ya shigarta."

Da na gama lisans a jami'a na dawo gida, na tarar Baba ya kwanta ciwo. Shi ya ɗora Gimbiya a cinyata, ya nuna mini inda mai ke shiga da inda ba ya shiga. Ya ba ni doka ɗaya: bindiga a ƙusa, sakata a akwati, kada su kwana tare. Tun rasuwarsa, kowace Juma'a ina sauke ta, in goge, in shafa mai, in saurari ƙarat da ƙwas, in raba su in mayar. Da zan tafi Damagaram haka na yi. Na kulle sakata a akwatina, na tafi da mabuɗi.

Gimbiya ba ta yi jinya ba. Ga yadda abin ya faru, kamar yadda Inna da maƙwabta suka gani.

Dila ya ɗauke wa Baffa Tsoho ɗan akuya. Ɗansa Faruk ya shigo gidanmu ya ce, "Inna, aron Gimbiya na zo, yamma ɗaya kawai."

Inna ta ce, "Mai ita ba ta nan."

Ya ce, "Haba Inna, mai ita ai ya riga mu gidan gaskiya. Hamdiyya gadi take yi."

Ya shiga ɗakina ya sauke ta daga ƙusa. Sai a ƙofar gida ya lura ba sakata. Da wani ne, da ya ga haka sai ya mayar. Faruk kuwa ya hau moto, wato babur, da ita har Sassumbrum, ya ari sakatar bindigar Muttaƙa. Sun duba sunan da ke jikin wannan, sun duba na jikin waccan, suka ce uwa ɗaya uba ɗaya ne. Babu wanda ya duba shekara. Sakatar ta shiga, amma ta ƙi kulluwa. Marigayiya ta yi iyakar ƙoƙarinta ta gaya masa, ta ce ƙiƙ, ta sake cewa ƙiƙ. Faruk ya ɗauki ƙotar fartanya ya buga har ta yi shiru.

Maganarta ta ƙarshe ba tau ba ce. Waɗanda ke roron gyaɗa a kusa sun ce bum suka ji, sai fass, sai salatin Faruk. Ƙarfen cikinta ya tsage, ƙota ta dare a wuya, sakatar aro ta cije a ciki har yau ta ƙi fita. Mun gode wa Allah da ya tsare idon Faruk, kuma da gaske nake faɗin haka. Girarsa ta hagu dai ta bi marigayiya. Dilan, in ji shaidu, ya tsaya ya waiwaya, sannan ya wuce ba gaggawa.

Da na dawo na tarar an riga an gano dalilin mutuwa, ba tare da an duba gawa ba. Baffa Tsoho ya tara mu a zaure ya ce, "Bindigar maharbi lakani gare ta, ba ta son hannun mace. Yarinyar nan kullum tana shafa ta tana shafa ta, ai dole asiri ya karye. Allah ya taƙaita ma da bai kashe mini ɗa ba." Ya ce a miƙa masa gawar ya kai wa wani tsohon maharbi a Magariya ya wanke ta da magani, in ta gyaru a mayar da permi sunan Faruk, don a fitar da ita daga ɗakin mata.

Kowa ya san ban iya magana a zaure ba. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Baffa." Ina so a sani cewa wannan to na girmamawa ne, ba na yarda ba ne. Maganar kuwa ta fita. A bakin rijiya wata ta janye guganta da na matso, ta ce tana wasa ne. Shekaranjiya wani yaro ya tambaye ni ko in na taɓa rediyon babansa za ta mutu.

Don haka, saboda girman marigayiya, nake gyara sanarwar da ta riga tawa fita. Hannun mace bai kashe Gimbiya ba. Baba, wanda ya fi kowa sanin lakaninta, shi ya sa ta a hannun nan, kuma lakanin da ya nuna mini mai ne da tsumma da haƙuri. Ta yi shekaru a hannuna ko tari ba ta yi ba. Ta yi yamma ɗaya a hannun namiji ta tafi lahira. Ban ce hannun namiji na kashe bindiga ba, don ba na son in yi irin lissafin Baffa. Abin da ya kashe ta shi ne an cusa wa 'yar 1983 sakatar autarsu, an bi da ƙotar fartanya.

Marigayiya ta rasu ta bar sakatarta ta haihuwa, lafiya lau a akwatina, ba ta san abin da ya faru ba. Ta bar maratayin fata da Baba ya ɗinka da hannunsa, da tsumman shuɗiyar atamfa, da rabin kwalbar mai. Ta bar autarsu a Sassumbrum, wadda yanzu ita ma ba ta da sakata, kuma muna yi wa Muttaƙa jaje, shi ma ya koyi karanta shekara. Ta bar Inna Huraira, wadda ta ce ƙusar bangon ɗakina ta fi kabari ban tausayi. Zabin daji da dilolin Guci sun aiko cewa ba za su samu zuwa gaisuwa ba.

Ga yadda za a yi jana'iza. Gawa tana kwance a tabarma a tsakar gidanmu har zuwa Alhamis, ana karɓar gaisuwa daga hantsi zuwa la'asar. Ana roƙon duk wanda ya zo ya duƙa ya karanta shekarar da ke wuyanta, ya dubi baƙin ƙullin roba da ya cije a bayanta, sannan ya dubi sakatar farin ƙarfe da zan ajiye a gefe. An tanadar wa Baffa Tsoho kujera a gaba, inda haske ya fi kyau, kuma Inna za ta ara masa tabarau. Faruk yana iya zuwa da hularsa a karkace, ba wanda zai tambaya. Ba za a yi salla ba, marigayiya ƙarfe ce da itace, addu'ar da kuka zo da ita ku yi wa Baba. Ranar Juma'a ni da kaina zan kai ƙarfen da permi wurin jandarma a rufe sunanta yadda doka ta ce. Ƙota da maratayi za su koma ƙusarsu a ɗakina, sakata ta koma akwati, kamar kullum.

Saura batun wanka, wanda Baffa ya nemi a bar masa. Ina ba shi haƙuri cikin ladabi. Tun ranar da ta shigo gidan nan Gimbiya ake kiranta, shi kansa Baffa bai taɓa ce mata shi ba. Mace ce ta rasu, kuma tun da aka kafa Guci maza ba su taɓa wanke gawar mace ba. Inna za ta zuba mai, ni zan wanke, da wannan hannun.