Nomau da Ƙofar Bayan Siton Auduga

A ƙauyen Tudun Gawo an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Gidansu ɗaki biyu ne da rumbu ɗaya, daga shi sai matarsa Lantana sai tsohuwarsa Iya Tsahara. Nomau ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne. Matsalarsa ɗaya ce: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da kowa zai mutu. Wurin aiki shida aka kore shi saboda wannan hali. Ranar da ya samu gadi a siton audugar Alhaji Zubairu, Lantana ta ɗaure kayanta ta ajiye a bayan ƙyaure, ta ce, "Malam, in aka kore ka a na bakwai, gidanmu zan tafi." Ba wasa take yi ba, shi kuwa yana sonta kamar ransa.

Wata rana jami'in kashe gobara ya zo duba siton, inda mata wajen talatin ke wuni suna tsintar datti a cikin auduga. Ya ce wa Alhaji doka ta wajabta wa mai wuri irin wannan ya naɗa mutum ɗaya mai kula da sha'anin gobara. Alhaji ya dubi ma'aikatansa, ya zaɓi wanda yake ganin ba zai taɓa damunsa ba, wato Nomau. Jami'in ya zaunar da shi, ya karanta masa dokokin ɗaya bayan ɗaya, Nomau yana gyaɗa kai yana cewa, "To, Yallaɓai." Ni dai a ganina, a nan ne Alhaji ya kwafsa.

Wata rana Alhaji ya yi baƙi dillalai, ya sa aka kawo kaskon turaren wuta ofis. Nomau ya shigo da sallama, ya juye bokitin yashi a kan kaskon, har yashin ya watsu a kan babbar rigar wani baƙo. Alhaji ya miƙe yana huci.

"Turare ne, kai sakarai."

"Alhaji, garwashi na gani. An ce ba wuta inda auduga take."

"To ni ne mai wurin."

"Ba a ce ban da mai wurin ba."

Wata rana kuma ya tuna an ce tukunyar kashe gobara ta zauna inda kowa zai gan ta. Alhaji kuwa a ƙarƙashin teburinsa ya ɓoye ta don kada a sace. Nomau ya ciro ta, ya ari zanin Iya Tsahara ya goya ta a baya. Haka ya riƙa yawo da ita a sito, da wurin mai ƙosai, har masallaci, inda na sahun baya suka kasa riƙe dariya da ya yi ruku'u. Liman ya yi masa magana, Nomau ya ce shi dai an ce kowa ya gani, kuma ga shi har Liman ya gani.

Wata rana da hantsi ya shiga dukan ƙarfe yana cewa kowa ya fita, gwaji ake yi, domin an ce a riƙa yin sa ba tare da sanarwa ba. Mata suka fito suna tsaki. Ya ƙirga su, ya ga saura mutum ɗaya. Ya tarar da Alhaji a ofis yana waya, Alhaji ya ce ba inda za shi. Nomau bai yi musu ba, ya sunkuce shi a kafaɗa kamar buhun gero, ya dire shi a tsakiyar mata, hula a karkace. Har yau in ana son a tsokani Alhaji, wannan ranar ake tuna masa.

Wata rana Alhaji ya ce ana sace masa auduga ta ƙofar baya, ya danna mata ƙaton kwaɗo, ya sa makulli a aljihu. Nomau ya ce doka ta hana a kulle ƙofar tsira muddin da mutum a ciki. Alhaji ya nuna shi da yatsa, ya ce, "Na gaji da kai. Ka taɓa kwaɗon nan, ka bar aiki." Nomau ya tsaya a gaban ƙofar, Lantana da ƙullin kayanta suna yi masa yawo a ido. Ya ji tsoro ƙwarai. Can sai ya tafi wurin kafinta ya aro guduma da kurfi, ya kwance ƙofar daga ɗaya gefen, ya ɓamɓare ta da katakon da ke riƙe da ita, ya jingine ta a jikin katanga. Da Alhaji ya ga ƙaton wawakeke a bayan sitonsa, ko sauraron bayani bai yi ba, ya ce ya tattara nasa ya nasa.

Nomau bai iya tafiya gida ba. Ya zauna kusa da ƙofar da ya cire, yana neman abin da zai gaya wa Lantana. Bayan azahar janareta ya yi tartsatsi a bakin ƙofar gaba, wuta ta kama dilolin auduga da aka jibge a wurin, kafin a ce me hanyar ta toshe. Ta wannan wawakeken matan suka riƙa ɓullowa, suna tari suna salati, wata ba ɗankwali, wata ba takalmi. Na ƙarshe Alhaji ne, da rarrafe.

Sito ya ƙone ƙurmus, amma ko yatsan mutum ɗaya bai ƙone ba. Alhaji ya zauna a ƙasa yana kallon hayaƙi, hawaye na bin gemunsa. Nomau ya matso, ya durƙusa.

"Alhaji, ka duba kwaɗonka. Yana nan yadda ka bar shi, ban taɓa shi ba."

Alhaji ya daɗe yana kallon kwaɗon. Sannan ya ce, "Gobe ka zo da wuri. Kai za ka nuna wa magina inda za a sa ƙofofi."

"To, Alhaji. Amma makullan a hannuna za su zauna."