Alhaji Tana Kicin

Har gobe ban manta ranar da Hausa ta gagare ni ba, ni da aka haifa a tsakiyar Kano.

Lokacin ina tuƙa tuwo a wani gidan abinci a unguwar Mansur, nan Makka. Mai wurin ɗan daudu ne, ya manyanta. A titi Alhaji Bala ake ce masa. A kicin kuwa Hajiya ce, kuma "ke" muke ce mata. (Da farko bakina ya ƙi, har na lura duk wanda ya ce "kai" a ciki, amsa a bushe yake samu.)

Wata rana bayan la'asar sai ga wata tsohuwa da sanda. Ta ce ita ce mahaifiyar mai wurin, ta zo Umra daga Sakkwato. Na san shekara da shekaru ba su haɗu ba. Na ce a raina, yau in na yi suɓutar baki na raba uwa da ɗa, aikina ma ya tafi. Na ɗaura niyyar rufa asiri.

"Sannu da zuwa, Inna. Alhaji tana kicin."

Ta dube ni.

"Wato yana ciki. Yanzu za ta... zai fito. Ai Alhaji namiji ne sosai, wallahi."

(Ba wanda ya tambaye ni.) Masu cin abinci suka daina tauna. Wani ya ƙware da ruwa.

Tsohuwa ta nemi kujera ta zauna, ta jingine sandarta. Ta ce, "Yarinya, ni na haifa. Kira min Auta."

Kafin in motsa Hajiya ta fito, ta tsaya cak a bakin ƙofa, ta ɓoye hannuwanta masu lalle a baya. Tsohuwa ta yafito ta, ta jawo hannuwan ta daɗe tana dubawa.

"Auta, an rame," ta ce. "Ba a cin abin da ake dafawa ne? Lallen dai ya kama."

Ba "kai", ba "ke". Hajiya ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta tana kuka.

Tun daga ranar, in ban san yadda uwa ke kiran abin da ta haifa ba, gaisuwa nake yi, in kawo ruwa, in kama bakina.