Malam Labaran da Ogan Mai Shan Iskar Tirela

"Ni a ba ni jakuna huɗu da mako guda. In ban raba su murya huɗu sun rera waƙar Kirsimeti ba, a canja mini suna!"

Malam Labaran ne ya faɗi haka a bainar jama'a, a ƙofar wani ɗan coci mai rufin kwano da ke bayan katangar kamfanin saƙa a Bompai, cikin shekarar 1981. Kai da ba ka san shi ba, bari in gabatar maka da shi. Aikinsa na gaskiya buga hatimi ne a jikin kwalaye a wani kamfanin garin sabulu da ke Sharaɗa. Amma ya taɓa rubuta wa wata makaranta a Ingila cewa yana son karatun kiɗa ta gidan waya. Suka aiko darasi na ɗaya, suka aiko na biyu, na uku kuwa har yau yana hanya. Iliminsa ya tsaya a kan do da re, sautuka biyu na farko a karatun kiɗa, matan coci suka raɗa masa suna Farfesa Do-Re. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ɗauka girmamawa ce, ya sa aka rubuta masa shi da fenti a jikin keke. Sandarsa ta jagorancin waƙa kuwa eriyar rediyo ce, wadda yake zuƙo ta in ya ga baƙi, ya mayar in sun tafi.

A wannan shekarar aka yi sanarwa cewa Malama Rifkatu, mai koyar da kiɗa a kwalejin horon malamai, za ta zaga coci-coci da rikodarta. Ƙungiyar waƙar da ta gamsar da ita za ta shiga kaset ɗin da za a rarraba wa coci-coci da makarantu don koyo. Zuwa ɗaya za ta yi kowane wuri. Cocin Bompai ya sami ranar Asabar, ƙarfe ɗaya da rabi, domin rabin masu waƙar ma'aikata ne da ke kama aiki ƙarfe biyu.

Babu wadda labarin ya taɓa kamar Uwani, shugabar zumuntar mata, mai naɗe alewa a kamfanin alewa. Shekara tara tana tsara waƙoƙi da ka tana koya wa mata, ko ɗaya ba a rubuce take ba, ga muryarta ta fara dusashewa. In ba a ɗauke su a wannan zuwan ba, ba ta san ranar da za a ɗauka ba.

Sai Labaran ya je wa Fasto da ambulan ɗin Ingila. Fasto ya duba kan sarkin da ke jiki, ya jinjina kai, ya ce Labaran ya kula da shiri.

Ran gwajin farko ya tarar da mata sun jera tuluna bakwai na yumɓu, manya da ƙanana, kowace da guntun soson katifa a hannu tana buga bakin tulunta. Haka suke kiɗansu tun fil'azal.

"Tsaya! Tsaya!" Ya zuƙo eriya. "Mama Uwani, mene ne wannan?"

"Tuluna ne, Malam. Ko a Ingila ba a shan ruwa?"

"Dubi wannan mai ƙaton ciki, dubi wancan kamar ɗan tsako. Babu biyu da suka yi kai ɗaya! Mu a kamfani, kwali ya fi ɗan'uwansa da rabin inci, jefar da shi muke yi."

"Ai shi ya sa kowanne da muryarsa."

"Shi ya sa babu tsari! Kiɗan zamani kayan kamfani yake so."

Uwani ta dube shi, ta dubi ƙofar ofishin Fasto. Aka kwashe tulunan aka jibge a bayan coci.

Washegari sai ga Farfesa da robobi bakwai shuɗɗa ɗaure a keke, duk kai ɗaya kamar 'yan bakwai, waɗanda ya roƙo daga wurin aikinsa. Abin da bai yi ba shi ne leƙa cikinsu. Ya ɗaga eriya, ya ce, "Ɗaya, biyu!" Mata bakwai suka sauke soso a tare, robobi bakwai suka feso garin sabulu a tare. Wadda ke kan gaba ta buɗe baki za ta ja baiti, sai atishawa. Ta kusa da ita ta karɓa. Kafin ka ce me, mata ashirin na atishawa, kuma in faɗa maka gaskiya, ranar ce kaɗai aka ga ƙungiyar ta bi eriyar Labaran daidai, don duk saukewar da ya yi sai an amsa masa.

"Malam Do-Re," in ji wata tana share hawaye, "wannan wace murya ce a littafinku?"

"Ƙaramar matsala ce. A zuba ruwa, garin zai kwanta."

Aka zuba ruwa. Garin ya kwanta, kumfa ta tashi. Duk bugu ɗaya sai roba ta yi aman kumfa, har ta rufe wa masu kiɗa ƙafafu, ta bi ƙarƙashin benci, ta fita ƙofa. Fasto ya taho ganin yadda shiri ke tafiya, santsi ya kwashe shi, ya iso gaban mata a zaune. Matan kuwa suka kwance kallabi suka wanke, tunda dai sabulu ya samu.

Kana tsammanin mutum zai saduda daga nan? Ba ka san Labaran ba. Cewa ya yi dama kiɗan duka na ƙauye ne, shi ogan zai kaɗa.

Cocin na da tsohon ogan irin wanda ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, iska ta shiga zuga-zugin da ke cikinsa, sannan ya yi kuka. Ɓeraye sun daɗe da cinye fatar zuga-zugin, in ka taka sai ya yi huci kawai.

Uwani ta ce, "Malam Labaran, don Allah a kai wa baduku ya ɗinke fatar. Aikin yini guda ne. Ko kuma a bar mu da tulunanmu."

"Baduku? Muna zaune a tsakiyar injuna, ki ce baduku? Matsalar ogan iska ce, iska kuwa ga ta can bakin titi."

Bakin titi wurin Gwadabe mai faci yake nufi, wanda ke ba manyan motocin kamfanoni iska da injinsa. Gwadabe ya saurari bayanin yana goge hannu da tsumma.

"Malam, ni fa taya na sani. Wannan akwatin naku, iskar keke yake sha ko ta babur?"

"Keke? Kayan Turai ne fa!"

"To ta ƙaramar mota?"

"Wacce ce babba a wurinka?"

"Ta tirela."

"Ita za ka ba shi."

"Malam, ko tirela sai na riƙa buga tayar da ƙarfe ina saurare. Wannan ina zan buga?"

"Kai dai ka tsaya a taga ka dube ni. In na ɗaga hannu, ka ƙara. Shi ke nan aikinka."

"In kuma za a rage fa?"

"Ba za a rage ba. Waƙar yabo ce."

Ranar Asabar coci ya cika. Ma'aikata da yawa sun zo da kayan aikinsu a jiki don su wuce daga nan. Malama Rifkatu ta iso a kan lokaci, mace mai farin gilashi da ƙarancin magana, ta ajiye rikoda a kan tebur ta sa sabon kaset. Ta bi wani baƙin tiyo da ido tun daga taga har ƙarƙashin ogan, inda aka ɗaure shi da robar taya.

"Wannan fa?"

"Sabuwar fasaha ce, Malama," in ji Labaran. "Ku dai ku danna abinku, za ku ba da labari a kwaleji."

Ta danna. Uwani ta tsaya gaban matanta, ta haɗa hannu a ƙirji. Labaran ya gyara zama, ya ɗora yatsa a kan do, ya ɗaga hannu. Gwadabe ya murɗa.

Ogan ya yi ajiyar zuciya, sannan ya yi do. Do mai kyau kuwa, har Fasto ya yi murmushi. Labaran ya ji daɗi ya ɗaga hannu don mata su shigo. Gwadabe ya ƙara. Do ta kumbura, re ta shigo ba a gayyace ta ba, sauran haƙoran ogan suka fara rawa su kaɗai. Labaran ya ɗaga hannu yana nufin a dakata. Gwadabe ya ƙara. Ya ɗaga hannu biyu. Gwadabe ya ce, "To, bismilla," ya murɗe kan injin har ƙarshe.

Ƙarar da ta fito ba ta coci ba ce. Ta faro daga ƙasa, ta yi sama, ta miƙe, wuuuuu, ba numfashi. Duk wanda ya taɓa aiki a Bompai ya san wannan kukan, kuma ƙafarsa ce ke fara jinsa kafin kunnensa. Jiniyar canjin aiki ke nan, wadda in ta yi shiru maigadi ke rufe ƙofa, wanda ya makara ya koma gida.

"Biyu ta yi!" wani ya yi ihu daga baya.

Babu wanda ya duba agogo. Maza suka tsallake benci. Mata goma sha biyu daga cikin masu waƙa suka tattare zane suka bi ta ƙofa, Uwani na kira, "Ku dawo! Ogan ne! Saratu, ogan ne!" Ina, Saratu ta kai titi. A ƙetaren katanga kuma masu aikin safe na kamfanin saƙa suka kashe injuna, suka yi wa ƙofa tsinke, suka yi karo da masu shigowa. Masu sayar da abinci suka buɗe tukwane, direbobin bas suka fara kiran Birget da Dakata.

Labaran ya kwanta a kan ogan ya rungume shi yana ihu, "Rage! Rage!" Gwadabe na ganin baki na motsi, hannu na sama, ya ɗaga kafaɗa, don babu sauran abin ƙarawa. Sai bayan ogan ya ɓalle, fam! Ya watso ƙura da tsummoki da sheƙar ɓeraye da mazauna cikinta. Ɓera guda ya sauka a kan teburin Malama, ya dube ta, ya wuce.

Malama Rifkatu ta cire gilashi ta goge, ta kashe rikoda, ta fara naɗe waya.

Uwani ta matso ta durƙusa. "Malama, ku yi mana haƙuri. Ba mu yi waƙar ba tukuna."

"Ina masu waƙar?"

"Za su dawo. Maigadi zai koro su, lokaci bai yi ba."

Malama ta dubi agogonta. "Biyu saura kwata. In jiniyar gaske ta tashi, kin ga babu sauran ɗauka, kuma ana jirana a Challawa."

Sai ga su suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna haki, suna harare-harare. Babu lokacin ɗauko komai. Uwani ta ce, "Tafi kawai." Ta ja baitin farko da dusasshiyar muryarta, mata suka amsa, hannuwa suka kama. Waƙa uku suka yi a jere ba tsayawa. Suna sauke ta ukun, jiniyar gaske ta tashi, kuma kowa ya ji yadda ta zama 'yar siririya kamar kukan sauro.

Malama ta rubuta wani abu a littafinta. "Uwani, duka ukun za su shiga kaset."

Uwani ta rufe fuska da gefen mayafi. Labaran kuwa ya taso daga cikin tarkace, fari fat da ƙura, ya zuƙo eriyarsa da ta lanƙwashe.

"Malama, nawa ɓangaren fa? Ai kun ɗauka."

Kafin ta amsa, wani ƙaton mutum ya cika ƙofa. Tijjani ne, foman na kamfanin saƙa.

"Wa ya tashi ma'aikatana saura minti ashirin da biyar?"

Yatsu sun fi arba'in suka nuna wuri ɗaya.

Tijjani ya ƙare wa Labaran kallo. "Na zo ne in ci mutuncinka, amma a hanya na yi tunani. Shekara biyu 'yan sashen rini na cewa ba sa jin jiniyarmu. Yau har wani kurma da ke share mana tsakar gida ya ajiye tsintsiya. Malama, an ce kin ɗauki ƙarar a kaset? A ba mu, mu riƙa sawa a lasifika."

Labaran ya gyara wuyan riga, ya dubi mata ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Tun ban tashi daga wurin ba an fara neman kaset ɗina. Ranka ya daɗe, sau nawa za a riƙa sa ni a rana?"

"Sau uku. Shida, biyu, da goma."

"Mutum nawa ke saurare?"

"Ɗari takwas."

Labaran ya juya. "Mama Uwani, ke mutum nawa ke sauraron taki waƙar?"

"Ba su kai naka ba, Farfesa," in ji Uwani tana gyara ɗaurin kallabi. "Sai dai mu in mun fara, zama ake yi. Kai kuwa kana farawa mutum ɗari takwas za su ɗauki takalmansu su gudu, kuma don hakan aka ɗauke ka."