Butar Yaya Bilkisu da Zoɓon Juma'a

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na yi niyyar taimakon Yaya Bilkisu ba, ba tare da ta roƙe ni ba.

Yaya tana aji biyu a jami'a, a sashen zane da ƙira. A ƙarshen shekarar kowa yake zaɓar ɓangarensa: zanen kwamfuta, ko rini da saƙa, ko ginin tukwane. Ta ce yawancinsu ƙawa suke bi, ko su lallaɓa inda malami ba ya da tsanani. Ita yumɓu take so. Baba kuwa, da ya shekara ashirin a ofis, kwamfuta ya sani. "In tukwane ne, ai ga su nan jibge a Babbar Kasuwa," in ji shi. Ranar Litinin za ta mayar da takardar zaɓin, kuma a gidanmu ba a cike takarda sai da amincewarsa.

Ta zo hutu da wata buta da ta gina, ta ajiye a kan durowa. Na fi kowa kallon butar nan. Na san inda babban yatsanta ya bar shaida a gindin mariƙin, na ƙirga layukan wuyanta. (Abu ɗaya ne ban lura da shi ba: launinta toka-toka ne, ba ja ba.)

Bayan masallaci Baba ya dawo da abokin aikinsa, Alhaji Sani na Mando. Umma ta ce in kai musu zoɓo. Sai dabara ta zo mini: in Baba ya ga butar tana aiki a gaban baƙo, zai sauko. Yaya tana wanka, ni kuma tambaya tana yi mini nauyi. Na juye zoɓon a ciki. Na ji tana wani "sssss" a hankali, na ce ƙanƙara ce.

Na yi sallama, na durƙusa, har na iya buɗe baki na ce, "Baba, Yaya ce ta yi wannan."

Na ɗaga zan zuba. Mariƙin ya biyo hannuna, butar ta zauna a kan tire ta baje. Jan ruwa da taɓo suka gangara kan farar shaddar Baba. Ni ina durƙushe, riƙe da mariƙi.

Yaya ta shigo da gudu. "Ke! Ba a gasa ta ba! Ɗanya ce!"

"Wannan ne karatun?" Baba ya tambaya, yana kallon cinyarsa.

Haushi ya sa Yaya ta manta a gaban wa take. Ta yi ta bayani, yadda ake busarwa, da gashin farko, da na biyu mai sa ƙyalli, da abin da ke fasa tukunya a cikin wuta. Ban taɓa jin ta yi wa Baba magana mai tsawon haka ba. Shi ma, ina jin, bai taɓa ji ba.

Alhaji Sani ya ce, "Malam, ka bar yarinya ta je ta ƙarasa koyo, ko ma samu mu sha zoɓo lafiya."

Baba ya dubi Yaya, ya ce, "Kawo takardar. Ke kuma kawo tsumma."

Yaya ta samu yumɓunta, ta rasa butar da za ta nuna wa malamansu, ta yi mako ba ta kula ni ba. Ni dai na gane cewa kallo, komai ƙurewarsa, ba ya maye gurbin "Yaya, in ɗauka?"