Yadda Ake Gyaran Sandar Giya Har Mota Ta Rushe Rumbu

Kai mai son a kira ka bakanike, matso nan. Ni Hajiya Baraka ta Mabai, ban yi boko ba, ban taɓa riƙe sufana ba, amma na ga aikin Zailani mai gareji a bakin titin Sheme da idona. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari sai ka bar wata tsohuwa ba inda za ta zuba hatsinta.

1. Nemo motar da ba ta yi wa kowa laifi ba

Irin a-kori-kurar da maigidana marigayi Malam ya bar mani. Ta girme ka, kuma har gobe tana kai masara kasuwar Ƙanƙara ta dawo. Ciwonta ɗaya, sandar giya ta yi sako-sako, sai an lallaɓa ta. Ka leƙa ƙarƙashi, ka girgiza kai, ka ce, "Hajiya, wanga ƙarfe na mutanen da ne. Zan sa maki na zamani."

2. Kwance na kirki

Ƙarafan da ke haɗa sanda da akwatin giya, cire su kaf, ka jefa a buhun 'yan gwangwan. Kawo na wata motar daban. In bai shiga ba, guduma. In bai zauna ba, waya da robar tayar babur. Gwani ba ya aune-aune.

3. Ɗaura shi a juye

Kada ka kuskura ka gwada. Gwaji na wanda bai yarda da kansa ba ne. Goge hannu, ka sa a ja motar da igiya a kai gida, wai kada sabon aiki ya wahala.

4. Bar sauran wa direba

Mu a gidanmu da baya ake jera mota a gindin rumbu, don sauƙin lodi. Yahuza direbana ya yi bisimilla, ya sa giyar farko, ya saki kuloci. Mota ta yi baya kamar an kira ta. Rumbu ya dare biyu, dawar shekara ta malale a ƙasa. Awakin unguwa kaf sai da suka zo mani jaje da baki.

5. In mai mota ta iso, kada ka tashi

Ka ce, "Hajiya, gyaran zamani haka yake, direbanki ne bai waye ba."

Za ta ce, "To ɗan nan, zo ka tuƙa mu gani."

Ka dubi sama ka ce lokacin salla ya yi, ko da hantsi ne.

6. Turo dattawa

Su zo su zauna mata a zaure, su ce ƙaddara ce, ta yi haƙuri. Ni dai na ce wa babbansu Alhaji Gide, "Ranka ya daɗe, na yarda da ƙaddara, amma wagga na gan ta riƙe da guduma." Haƙuri ba ya tare ruwa. Ga hadari ya fara haɗowa, dawata na tsakar gida an rufe ta da tabarmi. Rumbuna nake so a gine, da jinkarsa, a kuma maido wa motata gabanta.

Gargaɗi

Wanda ya bi wannan karatu, ya fito ranar kasuwar Sheme ya tarar da tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a ƙofar garejinsa, da butarta da goronta, tana tare duk direban da ya tsaya tana ba shi labari tun daga farko, to babu ruwana. Ya je ya kwaɓa ƙasa. Ni ba ni da inda za ni.